Ranar da Na Kai Umma Teku

Shekara goma sha tara na yi ina tuƙa bas tsakanin Bi'ir Ali, miƙatin mutanen Madina, da Makka kafin hannuna ya taɓa igiyar jirgin ruwa. Kawuna ne ya koya mini, ƙanin mahaifiyata, wanda ya bar Madina tun yana saurayi ya tare a Yanbu, a bakin teku, ya zama masunci. Da ƙarfinsa ya fara ja baya sai ya riƙa kirana duk ƙarshen mako in je in kama masa. Da ya rasu bai bar ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata suka ce in riƙe jirgin. Ƙaramin abu ne, tsawonsa bai kai rabin bas ɗina ba. Yana da ɗan inji a baya, yana kuma da shira, wato babban ƙyallen nan da ake ɗagawa a jikin dogon itace iska ta tura jirgi. Masuntan yanzu duk sun watsar da shira, amma Kawu ya ƙi, ni ma da na iya sai na ƙi. Har alfahari nake yi da shi a cikin direbobi.

Umma, mahaifiyarmu, tana zaune a tsohon gidanmu na unguwar Sih a Madina tare da yayata, wadda ta dawo gida bayan mijinta ya rasu. Ni ina unguwar Ƙurban da iyalina. Duk ranar da na dawo daga Yanbu sai na biya na kai musu kifi, Umma kuma ta zaunar da ni ta yi ta tambaya. Wane launi ruwan yake? Ana ganin ƙasansa? Tana 'yar shekara tara iyayenta suka tsallako da ita daga gaɓar Sudan a wani jirgin katako. An zuba su a can ƙasa aka rufe su da tamfol, kwana huɗu ba ta ga komai ba sai ƙafafun mutane. Da aka sauke su aka ce su ruga kada su waiwaya.

"Na ƙetare shi ban gan shi ba," in ji ta. "Ka kai ni."

Yaya ta ce sam. "Mace mai shekara tamanin, mai hawan jini? Ka yi wa Allah, ya ahuya, ƙanena, ka daina sa mata wannan a rai."

"Ni na haife ku ko ku kuka haife ni?" Umma ta ce.

Wata uku muna wannan ja-in-ja. Da sanyi ya shigo, zafi ya sauka, Yaya ta gaji ta ce to, amma ƙafarta ƙafar Umma.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, kuma dole in faɗe shi a nan. Mako biyu kafin tafiyar injin ya fara tari. Mai gyara ya duba ya ce akwai wani ƙaramin abu da ya kamata a canja, in kawo masa ranar Lahadi. Ranar Lahadi ina kan hanyar Makka da masu umara. Na ce a raina, ai ina da shira, inji na fita daga tashar jiragen ruwa ne kawai.

Muka kwana a gidan 'yar Kawu a Yanbu. Bayan sallar asuba muka sauka tasha. A wurin masu gadin gaɓa na rubuta mu uku, na rubuta cewa za mu dawo da magariba. Ni da Yaya muka riƙe Umma muka sa ta a jirgi, muka zaunar da ita a kan matashi, muka ɗaura mata rigar ceto a kan abayarta. Injin ya tashi a ja na biyu. Da muka fita bakin tasha na kashe shi na ɗaga shira, iskar arewa mai laushi ta ɗauke mu ta yi kudu da mu.

Sa'o'i biyun da muka yi a hanya, ban taɓa ganin Umma haka ba. Ta sa hannu a ruwa ta ɗanɗana, ta tofar, ta yi dariya. Da muka bi ta kan duwatsun murjani ta ga kifaye shuɗɗa da rawaya suna wucewa ƙarƙashinmu, sai ta kama salati da ƙarfi. Har Yaya ta saki fuska ta ɗauko waya tana ɗaukarta hoto.

Wurin da na nufa wani ɗan tsibiri ne na farin yashi, duwatsun murjani sun kewaye shi, a bayansa ruwa kwance yake ko da iska na kaɗawa. Nan Kawu ke jefa anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, ya ci abinci. Da can babu kowa a wurin sai mu da tsuntsaye. A 'yan shekarun nan manyan jiragen masu yawon shaƙatawa suka fara zuwa, su tsaya a inda ruwa ke da zurfi, su riƙa kai mutanensu tsibirin a ƙananan jirage masu ruwan lemo. Ranar ma akwai ɗaya. Fari tas, bene a kan bene, kamar an ciro ɗaya daga otal-otal ɗin da ke kewaye da Harami an ajiye a kan ruwa. An sha gaya mana mu masu ƙananan jirage kada mu kusance su, don haka na jefa anka can nesa, a ɗaya gefen.

Umma ta daɗe tana kallonsa. "Duk waɗannan aikin hajji za su?"

"A'a, Umma. Yawo kawai suke."

"Ina za su?"

"Babu. Su zaga su koma inda suka tashi."

Ta girgiza kai. "Allah mai iko."

Muka ci burodi da wake da dabino. Muka yi azahar, Umma daga zaune. Yaya ta zuba mata shayi daga filas. Ina gaban jirgi ina gyara igiya na ji ƙarar kofi a kan katako, na ji Yaya ta ce, "Umma? Umma!"

Da na juyo, shayin ya zube a cinyarta ba ta ko motsa ba. Bakinta ya karkace gefe guda. Hannunta na dama ya saki yana lilo a gefen jirgi. Idonta a buɗe yake, tana kallona, tana so ta yi magana, abin da ke fita sai wani irin gurnani. Na taɓa ganin haka a jikin wani dattijo a cikin bas ɗina. Na san ko mene ne, na kuma san abin da likita ya ce a ranar: a wannan ciwo kowane minti yana da lissafi.

"Jalɗa ce," Yaya ta ce. "Shanyewar jiki ce. Tayar da injin. Yalla, tayar!"

Na ja igiyar injin. Ya yi tari ya mutu. Na sake ja. Na ja har sau nawa ban sani ba, har fatar tafin hannuna ta saluɓe, igiyar ta yi ja da jini. Na buɗe murfin na leƙa ciki kamar na san abin da nake nema. Yaya ta ɗaga wayarta sama, ta miƙe tsaye a jirgin tana juyawa, babu layi ko ɗigo. Tawa ma haka. A bayan tsibirin nan waya ba ta taɓa kamawa ba, na sani tun tuni.

"Da shirar fa? Mu koma da shirar!"

Na dubi ruwan da ke bayan murjani. Iskar da ta kawo mu da safe ta yi ƙarfi, kamar yadda take yi kullum bayan azahar, kuma daga wajen Yanbu take busowa. Komawa yana nufin in yi ta saɓa mata, dama da hagu, dama da hagu, cikin igiyar ruwa mai farin kai. Sa'a huɗu idan Allah ya taimaka. Masu gadin gaɓa kuma ba za su neme mu ba sai magariba ta wuce, don ni da hannuna na rubuta haka.

"Umma ba za ta kai ba," na ce.

Yaya ta dube ni. Ta zauna ta ɗora kan Umma a cinyarta ta fara karanta mata Yasin.

Sai na juya na kalli farin jirgin. Jirgi mai mutane da yawa haka ba zai rasa likita ba.

Na je ciro anka, ta ƙi fitowa. Ta maƙale a cikin murjani. Na ja ta nan, na ja ta can, na durƙusa na ja da bayana. Daga ƙarshe na zaro wuƙar kifi na yanke igiyar. Ankar Kawu ce, ya fi shekara talatin yana amfani da ita, na bar ta a ƙasan ruwa ban ko waiwaya ba. Na ɗaga shira, iska ta cika ta da ƙarfi har jirgin ya kwanta gefe, ruwa ya fantsamo ya jiƙa Umma. Yaya ta rufe ta da jikinta.

A ido jirgin kusa yake. A ruwa kuwa sai da na juya sau uku kafin na daidaita da shi, kowane juyi ina ganin lokaci na tafiya. Ina riƙe da sandar tuƙi da hannu ɗaya, igiyar shira da ɗaya hannun mai jini, ina ta faɗin "Ya Hayyu ya Ƙayyum" ba tare da na san ina faɗa ba. Numfashin Umma ya koma wani irin minshari.

Da muka matso sai abin da ban yi tunani ba ya faru. Girman jirgin ya tare iska gaba ɗaya. Muna shiga inuwarsa shirar ta saki, ta faɗo tana kaɗawa kamar wanki a igiya. Jirginmu ya tsaya cak. Tsakaninmu da shi bai fi tsawon filin ƙwallo biyu ba, amma babu abin da zai tura mu, ruwan kuma yana jan mu baya a hankali. Ba ni da filafilin tuƙa ruwa. Na ɓalle katakon da ake zama a kai na durƙusa a gaba ina haƙar ruwa da shi, dama, hagu, jirgin yana juyawa a wuri ɗaya.

Na ɗaga kai. Can sama mutane sun jeru a bakin baranda. Ana kiɗa a bene na ƙarshe, ina jin ganga da muryar wani yana magana a lasifika, mutane na shewa. Na ajiye katakon na miƙe na ɗaga hannuwa biyu ina ihu. Da Larabci na yi, da Hausa na yi, da ɗan Turancin da na tsinta a wurin alhazai na yi. "Dokta! Dokta!"

Suka ɗaga mini hannu.

Wallahi ɗaga mini hannu suka yi. Wata mata mai babbar hula ta ɗaga ɗanta sama don ya gan mu da kyau. Wayoyi suka fito, ana ta ɗaukar mu. Ban ga laifinsu ba yanzu. Daga can sama me za su gani? Ɗan jirgi mai shira irin ta da, baƙin mutum yana tsalle yana ɗaga hannu, mata biyu a zaune. Sun ɗauka gaisuwa ce. Amma a lokacin da ina da abin jifa da na jefe su. Na yi ihu har muryata ta dishe, abin da ke fita daga maƙogwarona bai fi kukan akuya ba, kiɗan kuma ya shanye shi.

Yaya ta kwantar da kan Umma a kan matashi ta miƙe. Yayata mace ce da ko maƙwabcinmu na shekara arba'in bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta cire rigar cetonta tana kaɗa ta sama, ta buɗe baki ta yi wata irin kururuwa, irin wadda mata ke yi idan an fito da gawa. Ta yi, ta sake yi.

Ko ita aka ji, ko dama sun ga mun matso fiye da ƙa'ida, ban sani ba. Wani baƙin jirgin roba ya zagayo daga bayan babban jirgin a guje, mutum biyu a ciki da fararen riguna. Tun daga nesa na gaba yake yi mana alama da hannu mu koma baya. Suka tsaya ɗan nesa da mu, ya ɗauko ƙaramar lasifika ya yi magana da Turanci. Ban fahimci kalmomin ba, amma na gane nufinsa: ku bar nan.

"Dokta," na ce. "Mama. Dokta."

Ya sake yin alamar mu tafi. Ya nuna babban jirgin, ya nuna mu, ya girgiza kai. Umma tana kwance a ƙasan jirgi, daga inda yake ba ya ganinta. Na ga mai tuƙinsu ya fara juya kan jirgin.

Ban yi shawara da kowa ba. Na sunkuya na sa hannu ƙarƙashin hammatar Umma na ɗaga ta zaune, na juya fuskarta wajensu. Mayafinta ya zame, furfurarta ta fito, miyau yana zuba ta gefen bakin da ya karkace. Mahaifiyata, wadda tun da na yi wayo namijin da ba muharraminta ba bai ga gashinta ba, na ɗaga ta ina nuna wa baƙi kamar kayan sayarwa. Har yau idan na tuna sai na ji kunya ta rufe ni, kuma da za a maimaita ranar da na sake yi.

Mutumin ya sauke lasifikar. Ɗan gajere ne, mai kama da mutanen gabashin Asiya da nake ɗauka a bas. Ya ce wa mai tuƙin wani abu, suka matso har jirginsu ya taɓa namu. Ya kama hannun Umma ya ɗaga ya saki, hannun ya faɗi. Ya ciro rediyo daga kafaɗarsa ya yi magana da sauri. Sannan ya nuna agogonsa ya dube ni, yana tambaya tun yaushe. Na ɗaga yatsa ɗaya, na ƙara da alamar rabi. Ya cije leɓe.

Mu huɗu muka ɗauke ta muka sa a jirgin roban. Yaya ta tsallaka. Na ɗaga ƙafa zan bi, mutumin ya dafa ƙirjina. Ya nuna jirgina, wanda ba shi da anka, ya nuna babban jirgin. Ba za a bar shi yana yawo a gindinsu ba, kuma mutum ɗaya kawai za su ɗauka. Na roƙe shi da duk harshen da na sani. Ya dafa kafaɗata, ya ce wani abu a hankali, suka tafi. Na ga wata ƙofa ta buɗe a jikin jirgin dab da ruwa, aka shigar da su, ƙofar ta rufe.

Ruwa ya ja ni baya har na fita daga inuwar jirgin, iska ta sake kama shirar. Ba ni da abin tsayawa, don haka na yi ta kai da kawowa a gefensa, in je in dawo, idona a kan ƙofar nan. Ƙananan jirage masu ruwan lemo suna wucewa ta kusa da ni cike da mutane masu jan fata da yashi a ƙafafu, wasu suna ɗaga mini hannu. Ban san ko Umma tana da rai ba. Na yi la'asar a zaune, hannu ɗaya a kan sandar tuƙi, ban san raka'a nawa na yi ba. Na yi wa Allah alkawura iri-iri. Na ce ya ɗauki nawa ran ya bar nata, sai na tuna 'ya'yana, sai na rasa abin da zan roƙa.

Can sai ga jirgin masu gadin gaɓa ya taho daga arewa yana tsaga ruwa. Ya tsaya a bakin ƙofar. Na hango an fito da gadon ɗaukar marar lafiya, na hango baƙar abayar Yaya a bayansa. Na zura ido in ga ko an rufe fuskar wadda ke kan gadon, nisa bai bar ni na gani ba. Da za su wuce suka rage gudu kusa da ni, wani jami'i ya ɗaga murya da Larabci: "Tana da rai! Asibiti za mu kai ta! Za ka iya komawa?"

Na ce zan iya.

Sa'a huɗu da wani abu na yi ina saɓa wa iska ni kaɗai. Ruwa yana shigowa, ina kwarfewa da kwanon da muka ci wake a ciki. Takalmin Umma ɗaya yana yawo a cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgi, na ɗauke shi na sa a aljihu. Ana kiran sallar isha'i na hango tasha.

Umma ta rayu. Likitan da ya karɓe ta ya ce mutanen jirgin sun yi abin da ya dace, sun sauke mata hawan jini sun kira masu gadin gaɓa da wuri, amma lokacin da allurar da ke narkar da gudan jini take aiki ya riga ya wuce kafin ta iso. Na tambaye shi da an kawo ta da sa'a ɗaya kafin haka fa? Ya dube ni ya ce wannan sanin Allah ne. Mako uku ta yi a Yanbu kafin aka mayar da ita Madina. Ɓarinta na dama bai dawo ba. Maganarta ta dawo kaɗan, kalma ɗaya, biyu, da ƙyar.

A barandar asibitin na gaya wa Yaya maganar injin, cewa na sani tun mako biyu kafin mu tafi. Da na yi shiru babu wanda zai sani har abada, amma na kasa riƙewa. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Halas, shi ke nan." Ta tashi ta koma ɗaki.

Wata biyar ba ta yi mini magana ba. Kullum bayan na sauke fasinjojin ƙarshe a Bi'ir Ali sai in biya Sih. Ta buɗe mini ƙofa ta shige kicin, in zauna kusa da gadon Umma in riƙe hannunta na hagu, in tashi in tafi. Idan akwai saƙo, matata take kira ta gaya wa.

Wata ranar Talata na shigo na tarar da Yaya tsaye a bakin banɗaki, ta jiƙe da gumi, hannu ɗaya a ƙugu. Matar da ke taya ta ɗaga Umma ta yi tafiya, Yaya kuma bayanta ya riƙe tun safe. Umma tana kan gado, ruwan wanka yana hucewa a bokiti.

"Zo ka kama ta ta sama," Yaya ta ce, ba ta dube ni ba. "A hankali. Sa hannunka a bayan wuyanta, ba nan ba, nan."

Na ɗauke ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na zaunar da ita a kujerar roba na fita na ja ƙofa, na tsaya a waje har aka gama, Yaya ta kira ni na mayar da ita gado. Washegari na dawo a daidai lokacin, da jibi ma. Haka muka yi shekara ɗaya da wata huɗu, ni ɗauka, Yaya wanka, har ranar da Allah ya karɓi abinsa muka kai ta maƙabartar Baƙi'a.